Tabawa da Hantsi

Duk wanda ya san Tabawa ta Bukuru ya san da faɗa take jinya. Ta iya, wannan kam ba a musu, amma mara lafiya a hannunta ko dai ya warke, ko ya gaji da masifarta ya miƙe, ita duk ɗaya ne a wurinta. To ga ta nan sati uku cur a unguwar Dilimi ta Jos, a gidan surukinta Lukuman direban babbar mota, tana jinyar autarta Safara'u, kuma tunda take ba ta taɓa ganin jinyar da faɗa ya ƙi ci ba sai wannan.

Yarinyar ba ta musu, abin da ya fi ƙona wa Tabawa rai ke nan. A ce mata sha kunu, sai ta karɓi kofi ta riƙe har ya huce. A ce gyara ɗankwali, ta gyara. A zazzaga mata masifa tun daga tsakar gida har ƙofar ɗaki, ta ɗago ta ce, "To, Inna." Safara'u fa! Wadda tun tana 'yar mitsitsiya ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba, wadda ta yi kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba sai da marigayi ubanta ya yarda ta shiga makarantar koyon buga tafireta. Ita ce yau ba ta da wata magana safe da yamma sai "To, Inna."

Ciwon tun damina ya fara. Gaɓoɓi suka kumbura, yatsu suka sandare, gashi ya riƙa zubewa a kan matashi, wani baƙin tabo ya kwanta a kumatu biyu ya haye karan hanci. A asibiti suka yi ta ɗibar jini, har suka aika wani Zariya, daga baya suka ce wai lufus ne, ciwon da jinin mutum ke juyowa ya yaƙi jikin mai shi. Tabawa ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin jinin da bai san gidansu ba. Likita ya ce ba a warkewa, amma ana lallaɓa shi da magani a yi shekaru ana harkoki kamar kowa. Safara'u ta ji rabin farko na maganar, ta dawo gida ta kwanta ta juya fuska bango.

Ana cikin haka ga takarda. Mista Dantong, oganta a ofishin gwamnatin da take aiki, shi ya kawo da kansa a ƙarshen Disamba na 1978, yana ta ba da haƙuri a zaure. Hutun jinya zai ƙare ranar Litinin, sha biyar ga Janairu. In ta koma, kujerarta na nan. In ba ta koma ba, za a sallame ta a kan rashin lafiya a ɗauki wata. Safara'u ta karanta, ta ninke, ta cusa ƙarƙashin matashi. Tabawa kuwa sai ta ɗauki wannan Litinin ta ɗora a kanta kamar tallan da ba a saukewa. Ba don albashi ba, Lukuman na ciyar da gidansa. Ita dai ta san 'yarta. In aka raba yarinyar nan da ƙarfen nan mai ƙaf-ƙaf-ƙaf, to an gama da ita, sai dai a ci gaba da ba ta kunu.

Magani kuwa Tabawa ta san shi, kuma ba na saye ba ne. Tana budurwa ta yi wankin kuza a kududdufan Bukuru, ruwa har gwiwa, sanyi kamar zai tsinke ƙafa. In an tashi, sai mata su jeru a jikin dutse su miƙe ƙafafu su sha hantsi har jini ya dawo. Da wannan suka rayu. Kuma wane gida ne a Jos ba a haka? Tsoho, mai jego, mai tari, mai sanyin ƙashi, da rana ta ɗaga sai a fito da su bakin katanga. Mara lafiyar da aka bari a ɗaki da safe, ai maƙwabta ma sai su ce ba a kula da shi.

Saboda haka kullum da ƙarfe tara Tabawa za ta shimfiɗa tabarma a jikin bangon da ke kallon gabas, ta shiga ta tarairayo Safara'u tana mita.

"Tashi, Auta. Ɗakin nan kamar randa. Wa ya ce wa mijinki a yi daɓen siminti a garin nan?"

Ta zaunar da ita, ta naɗe mata hannun riga har kafaɗa, ta yaye mayafin daga fuska.

"Buɗe fuskar ta sha, ko tabon nan ya bushe. Miƙo yatsun."

"To, Inna."

Ta murza mata man kaɗanya yatsa bayan yatsa, ta jera su a kan gwiwa suna fuskantar rana. Matan maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Sannu, Inna Tabawa, wannan ita ce jinya."

Sai dai abu ya ƙi gaba, baya ma yake yi. Da yamma zazzaɓi, da safe tabo ya ƙara faɗi, har ya gangaro wuya da damatsa. Baki ya fashe, ko kunu sai a hankali. Tabawa ta ɗora laifin a kan fararen ƙwayoyin asibiti da ke kumbura fuska, ta ɗora a kan siminti, ta ɗora a kan Lukuman da ke can hanyar Anacha da lodin dankali bai san ana yi ba. Da ta rasa wanda za ta ƙara zagi sai ta yanke cewa hantsin ne bai isa ba. Ta ƙara lokaci. Awa ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma har kusan azahar, tana jan tabarmar tana bin rana zuwa tsakiyar gida kamar mai shanyar barkono.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata sai ga sallama. Lai'atu ce, 'yar Vom, ƙawar Safara'u tun firamare, yanzu nas ce a asibitin da ake duba ta. Ta shigo da kwanon nono a hannu tana murmushi. Tana ganin tabarma a tsakar gida sai murmushin ya ɗauke. Ta dire kwanon har nono ya fantsama.

"Wayyo Yesu! Mama, me take yi a rana?"

"Me take yi kuwa? Hantsi take sha. Ko a Vom ba a sha?"

Lai'atu ta yi kan tabarmar. Ta fizge nata mayafin ta lulluɓe Safara'u da shi tun daga kai, ta kama ta ta ja ta inuwar bakin ɗaki. Tabawa ta miƙe, hannu a ƙugu.

"Ke 'yar nan, lafiyarki? Da ƙyar na fito da ita."

"Mama, tun yaushe kike fito da ita?"

"Tun ranar da na zo. Kullum. Ban taɓa fashi ba."

Lai'atu ta dafe kai da hannu biyu. "Mama, ciwon nan rana ce ke tayar da shi. Rana! Ita ce abu na farko da likita ya hana. Ko kasuwa za ta je sai da laima da riga mai dogon hannu. Wannan tabon da ya bazu, da zazzaɓin nan, duk rana ce. In aka ci gaba har ƙoda yana iya taɓawa."

"Ƙarya ne," in ji Tabawa, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta so ba. "Wane irin likita ne zai hana mutum hantsi a Jos? Kuma in haka ne me ya sa ba a faɗa wa mutane ba?"

"An faɗa, Mama. Ina tsaye a wurin. Ni na maimaita mata da Hausa, sau biyu."

Tabawa ta juya a hankali ta dubi 'yarta, wadda ke zaune a dokin ƙofa cikin mayafin wata, ido a ƙasa.

"Auta. Kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Kin sani. Sati uku ina jan ki kamar buhu ina shanyawa, ina naɗe miki hannun riga da hannuna, kin sani, kika yi shiru?"

"Na ga kina so ne."

"Ina so? Ina son me? In kashe ki?"

Safara'u ta ɗan ɗaga kafaɗa. Ba da rashin kunya ba, da ma da rashin kunyar ne da Tabawa ta ji sanyi. Cikin muryar nan tata da ba hawa ba sauka ta ce, "Inna, ni ban ga bambanci ba. In na zauna a rana, in ban zauna ba. Musun ma ƙarfi yake so, ni kuma ba ni da shi."

Tabawa ta juya. Ta wuce bayan madafa, inda ake tara itace, ta zauna a kan kututture ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Kukan haushi ne da kunya da tsoro a haɗe. Tana yi tana zagin kanta, tsohuwar banza, uwar iyayi, kin zo jinya kin ɓige da gasa 'yarki. Ta zagi likita, ta zagi ranar ma kanta.

Can Lai'atu ta same ta, ta durƙusa a gefe.

"Mama, ba laifinki ba ne. Ko uwata ce haka za ta yi."

"Rufe min baki. Yau ɗin nan zan toshe tagar ɗakin da bargo. Ko ƙofa ba za ta ƙara leƙowa ba."

"A'a, Mama, kada ki yi haka. Ciwo biyu ne a jikinta. Ɗaya na jini, shi ne ba ya son rana. Ɗaya na zuciya, baƙin cikin da ya danne ta, shi ne ya rufe mata baki. Masu wannan ciwon da yawa haka yake yi musu. In kika kulle ta a duhu ita kaɗai, na biyun zai cinye ta. Ki fito da ita, ta ga mutane, ta ji motsi. Rana ce dai kada ta taɓa ta."

Tabawa ta fyace hanci da bakin zane. "Rana ba dama, ɗaki ba dama. To a ina zan ajiye ta? A rijiya?"

Washegari Lukuman ya dawo daga Anacha, ko takalmi bai gama cirewa ba surukarsa ta tare shi. A al'ada kunyarsa take ji, ba ta ko kallon idonsa, amma ranar ta ajiye kunya a gefe. Shi ma bai san da zancen rana ba, don ranar da likita ya faɗa yana kan hanya. Bawan Allah ya rasa ta cewa sai "To, Inna," Tabawa ta ce in ta ƙara jin wannan kalmar a gidan nan za ta haɗa kayanta. Kafin la'asar ya sayo zana uku da itatuwa, ya kafa rumfa a jikin bangon nan na gabas, daidai inda tabarma ke zama.

Daga nan Tabawa ta sauya dabara, amma ba ta saki hantsinta ba, don ita har yanzu ba ta yarda mutum zai warke ba tare da shi ba. Da rana ta ɗaga sai ta shanya barguna biyu a kan katanga. In ɗaya ya ɗau zafi ta sauko da shi da gudu ta lulluɓa wa Safara'u a cikin rumfa, ta mayar da wanda ya huce. Haka za ta yi ta safa da marwa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana dakon rana a bargo. Ga kaskon gawayi a gefe don yatsu. Ƙwayoyin asibitin da take zagi, yanzu ita ke ƙirga su a tafin hannu ta tsaya sai an haɗiye. Ta hana matan maƙwabta leƙowa su wuce, sai sun shigo rumfa sun zauna sun yi tsince-tsincen shinkafarsu a nan, ana hira ana gulmar 'yan siyasar da suka fara yawo tun da soja suka ce za su sauka.

Haƙuri kuwa ba ta iya bayarwa ba. Abin da ta iya shi ne wata safiya tana murza yatsun ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da na sani da hannuna ya karye kafin ya naɗe rigar nan."

"Ba komai, Inna."

Ka ji fa. Ba komai!

Jiki dai ya fara amsawa. Zazzaɓin yamma ya ja baya, bakin ya rufe, tabon wuya ya fara dushewa. Lai'atu ta zo ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya ta ce in dai aikin zama ne a ofis, likita zai sa hannu, za ta iya. Amma mai yatsun tana nan yadda take. Kullum da safe Tabawa za ta ƙirga mata kwanaki kamar mai jiran haihuwa.

"Saura tara, Auta. Za ki koma?"

"Yadda kika ce, Inna."

"Ni ce mai aikin? Ni na iya buga ƙarfen? Saura shida. Za ki koma ko ba za ki koma ba?"

"Duk yadda aka yi."

Wallahi akwai ranar da Tabawa ta ɗaga muciya, ta tsaya tana kallonta, ta rasa wa za ta kwaɗa wa. Ta gane za ta iya wanke yarinyar nan, ta sa mata kaya, ta ɗora ta a tasi ta kai ta har kan kujerar, kuma za ta bi. Ta bi ta rana ma, balle ofis. Amma wadda za a ajiye a kujerar ba Safara'u ba ce, kuma duk ranar da wani ya manta ya buɗe mata taga, haka za ta zauna rana na cin ta ba ta ce uffan ba. Wannan ne ya hana Tabawa sakat, kuma shi ne ba ta da bargon da za ta rufa masa.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu, aka tashi da iska mai ƙarfi. Ashe ta zame zana ɗaya a saman rumfar, ta bar 'yar kafa kamar faɗin yatsu uku. Ba wanda ya lura. Tabawa ta zaunar da Safara'u, ta rufa mata bargo, ta koma bakin murhu ta ɗora ruwan koko. Maƙwabta ba su shigo ba tukuna, Lukuman ya tafi gareji.

Tana gyara itace ta waiga, sai ta gani. Wani siririn haske ya sauko ta kafar ya kwanta a gefen tabarma. Yana tafiya a hankali yadda rana ke ɗagawa, ya hau bargo, ya nufi hannun Safara'u na dama da ke ajiye a kan gwiwa, tsirara daga wuyan hannu zuwa farce.

Tabawa ta zabura, har ta yi taku biyu. Sai ta tsaya.

Safara'u ma ta gan shi. Idonta na kansa.

Tabawa ta koma da baya ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune. Ita kanta ba ta san ta iya haka ba. Bakinta cike da ihu, ta danne shi da haƙora. Ta ce a ranta, ruwan nan na tafasa zan tashi, ko ta motsa ko ba ta motsa ba, ya Allah kada ka kama ni da wannan. Ta ɗauki ludayi ta riƙe gam, ta yi kamar tukunya take kallo.

Hasken ya taɓa ɗan ƙaramin yatsa. Ya hau na biye. Safara'u na kallo kamar hannun wata ne. Ruwa ya fara ƙugi a tukunya, ƙananan kumfa suka fara tasowa daga ƙasa. Hasken ya kwanta sosai a bayan hannun, a kan fatar da ta fara sabuwa. Tabawa ta dafa gwiwa za ta miƙe.

Sai hannun ya janye. Ya shige cikin bargo. Safara'u ta ja jiki gefe har da tura kaskon gawayi da ƙafa, ta ɗaga kai ta harari saman rumfar.

"Inna!"

Tabawa ta mayar da ido kan tukunya.

"Inna, wai ba kya ji ne? Wace irin rumfa ce wannan? Rana na shigowa! Kina zaune kina kallon tukunya. Da ƙyar yatsun nan suka fara lanƙwasuwa, so kike su sake kumbura in je ranar Litinin ina buga wa mutane shirme?"

"Ke da Allah can!" in ji Tabawa, ta miƙe tana goge ido da gefen ɗankwali wai hayaƙi. "Ni na saƙa zanar? Ki jira mijinki ki faɗa masa, shi da ya iya ɗaure lodin dankali amma ya kasa ɗaure zana uku."

"To kafin ya dawo sai in ƙone? Ki sa wani abu mana!"

Tabawa ta jawo turmi ta kifa, ta ɗauko tsohon buhu, ta hau da gwiwarta mai ciwo. Ga kafar nan a gabanta ƙuru-ƙuru, ko makaho ya laluba zai same ta. Ta leƙa ƙasa ta tabbatar yarinyar na cikin inuwa sosai, sannan ta shimfiɗa buhun can gefe, inda ba komai.

"Ba nan ba, Inna! Hagu!"

Ta matsar da shi dama.

"Hagu na ce! Haba Inna, wai yau me ke damunki ne? Mutum ya yi ta magana!"

Ruwan koko ya tafasa ya yi ta zuba a wuta. Tabawa na tsaye a kan turmi, hawaye na gangarowa har haɓa, ta sake ajiye buhun inda ba daidai ba.

"Nan?" ta ce. "Ɗaga murya, Auta, ban ji ki ba."